Ɗari Takwas da Sha Bakwai

Ranar Talata na saka farar shadda,
wadda ba ta taɓa jin warin albasa ba,
na hau danfo daga Agege zuwa Ikeja,
fayil a ƙirjina kamar jinjiri,
kada gumin Legas ya lashe tawadar.

A ciki akwai lamba: ɗari takwas da sha bakwai.
'Yata Rumasa'u ce ta ciro ta a waya.
Ta ce, "Baba, makin masu biyan bashi ke nan,
saura ƙiris ka ƙure ma'aunin.
Ko manaja sai ya tashi ya ba ka kujera."

Ba a ba ni kujera ba. Layi aka ba ni,
da 'yar takarda mai lamba arba'in da uku,
da sanyin na'ura mai cizon ƙeya.

Bisola sunanta, haka allon ƙirjinta ya ce.
Ta dubi kwamfuta, ta ɗaga gira:
"Alhaji Tanimu, ai makinka ya fi nawa."
Ta yi dariya, na taya ta.
Sannan ta ce, "Ina takardar albashi?"

Na ce albashina a tirela yake zuwa,
daga Aliero, kwana uku in hanyar Jebba ta yarda,
buhu ɗari biyu, goma sun ruɓe a hanya.
"Takardar kuɗin wuta mai sunanka fa?"
Sunan mai gidanmu ne a kai, Baba Ogunleye.
Shekara tara da rasuwarsa,
har yau shi ke shan wuta, ni ke biya.

Ta buga, ta jira, ta sake bugawa.
"Ba ni ba ce," ta ce ƙasa-ƙasa, "na'ura ce ta ƙi."
Na ce a kira mini na'urar mu gaisa,
in lissafa mata bashin rumfa, da na janareta,
da na aikin idon mahaifiyata,
babu wanda ya ga ranar wa'adinsa a wuyana.
Na'ura ba ta da kunne, ba ta da zaure.
Ba ta ce ni macuci ne ba.
Ba ta ce komai ba,
kuma wannan ya fi ciwo.

Ba don ado nake son katin bashin nan ba.
Akwai daren da direba ke kira daga Mokwa,
taya biyu sun fashe,
kuɗina kuwa suna hannun masu sayar da abinci,
daren da awa shida ke raba riba da juji.

A cunkoson Iyana-Ipaja na kira Inna.
Ta ce, "Mai kuɗin ruwa? Allah ya fisshe ka.
Garin da ruwa ya kewaye,
kai kuma ƙarin ruwa ka je roƙo?"
Gaskiyarta. Amma ko tuwon da ba za ka ci ba,
in an janye kwanon a gabanka,
sai ka ji wani abu.

La'asar ta same ni a Ile-Epo.
Iya Rasaki ta zo tana jan ƙafar hagu:
"Buhu biyu, Alhaji, sai Juma'a."
Na buɗe littafina mai tabon manja,
sai na ji na'urar ta farka a maƙogwarona,
tana shirin cewa, "Ina takardarki?"

Na haɗiye ta da kyar.
Na ce, "Sallau, ɗora mata masu kyan."

Takardar makin kuwa na ninke ta huɗu,
na cusa ƙarƙashin ƙafar teburina
da ke rawa tun daminar bara.
Yanzu ya zauna daram.